Yadda Ake Haɗa Shirin Amsa Tambayoyin Masu Sauraro da Wayar Hannu

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna rediyo ya san shirin amsa tambayoyi. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, yana da Amsoshin Takardunku, kuma iyayenmu a Garwa da Marwa sun sha zama gindin akwatin rediyo suna jiran a karanto wasiƙar wani daga Kamaru. Yanzu ba sai kana da tasha ba. Da wayar da ke aljihunka za ka karɓi tambaya, ka ɗauki amsa, ka tura wa mutane su saurara lokacin da suka ga dama. Shi ake kira fodkas. Wanda zan yi bayani a kai na ilmantarwa ne: jama'a su aiko da tambaya kan tafiye-tafiye, kan shi kansa aikin haɗa shirin, da kan duk abin da ya ɗaure musu kai, kai kuma ka fita ka nemo amsa.

Ɗaukar murya da gyara ta, cikin 'yan makonni hannunka zai faɗa. Inda gumin yake shi ne samo amsar da magidanci zai dogara da ita ya ɗebi iyalinsa ya kama hanya. A nan zan fi daɗewa.

Da farko, ja wa shirin iyaka

Kar ka ce za ka amsa kowace irin tambaya. Ranar da ka buɗe ƙofa haka, fatawa za ta cika maka waya, sai rashin lafiya da rikicin aure. Waɗannan suna da masu su. Faɗi ƙarara a shirin farko cewa fatawa a kai wa malamai, ciwo a kai asibiti. Naka uku ne: hanya da tafiya, yadda ake haɗa shiri, da tambayoyin son sani irin na tarihi da yanayi.

Minti 15 zuwa 20 ya isa. Tambaya uku a kowane shiri, ɗaya mai nauyi, biyu masu sauƙi. Sau ɗaya a mako, a rana ɗaya tsayayya. Ni na fi son Juma'a da yamma, amma zaɓi naka ne, in dai ba yau Juma'a mako mai zuwa Talata ba.

Sai batun harshe, wanda a yankinmu na arewacin Kamaru ba ƙaramin abu ba ne. Mai sauraronka na Garwa yana cinikin kasuwa da Fulatanci, yana cika takardar ofis da Faransanci, na Kusiri da Njamena kuma Larabcin Shuwa ne a bakinsa. Yi shirin da Hausar da kake yi a gida, kar ka ari ta Kano don a ce ka iya. Amma in ka zo kan sunan takarda ko na ofis, faɗe shi yadda yake rubuce a jikin allo, domin da wannan sunan matafiyi zai tambaya in ya isa. In tambaya ta zo da Fulatanci, sa muryar mai ita yadda take, sannan ka maimaita ta da Hausa.

Na biyu, buɗe hanyar da tambayoyi za su shigo

Sayi layi daban, na MTN ko Orange, ka ɗora masa WhatsApp Business. Kar ka yi amfani da lambarka ta gida, in ba haka ba ƙarfe biyun dare za a kira ka a tambaye ka kuɗin motar Ngaundere. A WhatsApp Business akwai saƙon maraba da ke fita da kansa ga duk wanda ya fara yi maka magana. Rubuta masa abu huɗu: ya faɗi sunan da yake so a kira shi da shi, garin da yake, tambayarsa a murya kar ta wuce minti ɗaya, sannan ya faɗa ko ya yarda a sa muryarsa a shiri. In kana faɗar lambar a cikin shiri, haɗa da 237 a gaba, saboda na Cadi da na Yola da Mubi.

Batun izini kar ka yi wasa da shi, musamman ga mata. Akwai matar auren da za ta so amsa amma ba ta son a ji muryarta a majalisar unguwa. Irin wannan sai ka karanta tambayar da bakinka, ka ce wata baiwar Allah ce daga garin Gidar, shi ke nan. Yaro kuwa sai da yardar iyayensa.

Minti ɗayan nan da ka ƙayyade, ba za a kiyaye shi ba. Bahaushe ba ya faɗa wa magana ba gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, ina zafi, Allah ya ƙara basira, sannan a gaida abokan sauraro na Figil da na Mora ɗaya bayan ɗaya. Wajen gyara ka bar sallamar da gaisuwa ɗaya, ka yanke sauran. In ka yanke duka, mai tambayar zai ji kamar ka mayar da shi marar tarbiyya a bainar jama'a.

A makonnin farko babu wanda zai aiko da komai, don ba a san ka ba. Ɗauki wayarka ka je teburin mai shayi, ka je ajans inda fasinjoji ke jiran mota, ka je wurin 'yan kilando, masu haya da babur, a bakin kasuwa. Ka ce, “Malam, da za ka samu wanda zai bincika maka abu ɗaya, me za ka tambaya?” Mutumin da ke zaune kan jakarsa yana jiran mota ta cika yana da lokaci, yana kuma da tambayoyin tafiya na gaske.

Ka ajiye littafi na takarda. Kowace tambaya layi ɗaya: ranar da ta zo, gari, abin da aka tambaya, an ba da izini ko ba a ba da ba, da ranar da ka amsa. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.

Na uku, nemo amsa

Kafin ka fita nema, raba abin da aka tambaye ka gida uku, domin kowane gida da inda ake samo shi. Akwai abin da ba ya sauyawa, kamar nisan gari da tarihi. Akwai wanda ke sauyawa lokaci zuwa lokaci, kamar doka da takardun tafiya. Akwai kuma wanda ke sauyawa tsakanin safe da yamma: kuɗin mota, halin da hanya take ciki, tsaro.

A ce wata Hajiya ta aiko daga Garwa tana cewa za ta biki Njamena, ba ta taɓa zuwa ba, me take buƙata?

Gida na farko kana iya amsa shi daga taswira. Babbar hanya mai lamba 1 za ta bi: Garwa zuwa Marwa kusan kilomita 210, Marwa zuwa Kusiri kusan 260, ta Mora, Waza, Dabanga da Maltam. Daga Kusiri sai a haye gadar Ngeli a kan kogin Logon, an shiga Njamena. Agogo ɗaya ne da na Kamaru. Kuɗi ma ɗaya ne, ba sai ta yi canji ba. Layin waya ne zai bambanta, can Airtel da Moov ake amfani da su.

Gida na biyu, takardu. Kamaru da Cadi duka suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, tare da Gabon, Kongo Brazzaville, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, kuma tun 2017 ƙasashen shida suka amince ɗan ɗayansu ya shiga ɗaya ba biza. Wannan ita ce ƙa'ida a rubuce. Amma kar ka tsaya nan. Je ofishin 'yan sandan shige da fice ka tambaya: katin ɗan ƙasa ya isa ko sai fasfo? Wanda katinsa ya ƙare yana riƙe da takardar jiran sabo fa? Yaran da za a tafi da su, wace takarda za a nuna? Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, sai dai katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wannan kwana goman shi ne abin da ya kamata Hajiya ta ji tun da wuri, domin in bikin saura mako guda ne, ta makara.

Gida na uku ba a samun sa a intanet ko a littafi. Ƙafa ake sawa. Je ajans biyu aƙalla, irin su Touristique Express da Danay Express, ka karanta kuɗin da ke jikin allo da idonka, ka tambayi lokacin tashi da kuɗin kaya. Nemi direban da ya dawo daga Kusiri jiya ko shekaranjiya, ka tambaye shi awa nawa ya yi, ina ne hanya ta lalace, ƙarfe nawa ake buɗe gada da rufe ta. Sannan ka nemi fasinja ka yi masa tambayoyin nan dai. Direba yakan rage awannin, don yana son mota ta cika. In maganar biyun ta sha bamban, faɗi duka biyun a shiri, ka ce ga abin da direba ya ce, ga abin da fasinja ta ce.

Duk abin da ya fito daga gida na uku, ka haɗa shi da kwanan wata a cikin muryarka. Ka ce, “Wannan kuɗin na ranar Talata ne, kaza ga wata kaza.” Dalili shi ne shirin rediyo yana wucewa da iska, amma fodkas yana zama a waya. Bayan wata takwas wani zai tura wa ƙaninsa shi ta Xender, ƙanin ya ɗauka na jiya ne. Hanyar da mota ta bi salin alin a watan Fabrairu, a watan Agusta tana iya kwana a taɓo.

In ka zo faɗar kuɗi, bayyana irin ƙidayar da kake yi. A kasuwa da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar, mutanen Cadi kuma su ce riyal. Wanda ya ji “ɗari biyu” yana iya ɗauka sefa 200 ne, alhali sefa 1,000 ake nufi. Tsaya kan sefa, yadda yake rubuce a jikin tikiti.

Yanzu tsaro, kuma a nan ina so ka saurare ni da kyau. Yankin Arewa Mai Nisa ya sha fama da hare-haren Boko Haram fiye da shekara goma, kuma hanyar Mora zuwa Kusiri tana cikin wuraren da abin ya taɓa. Za a tambaye ka, “Malam, hanya lafiya?” Kar ka taɓa cewa lafiya lau, kar kuma ka ce an tare hanya don ka gani a wani rukunin WhatsApp. Faɗi abin da hukuma ta sanar, faɗi ko motocin ajans suna tashi, ka ba da shawarar tafiyar rana, ka ce a sake tambaya a tasha ranar tafiya. Kar ka faɗi inda sojoji suke. Kar ka kunna na'urar ɗaukar murya a shingen jandarma, ko wurin 'yan duwan, wato kwastan, ko kan gada. Kamaru tana da dokar 2010 kan laifukan intanet wadda ta tanadi hukunci ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba, tana kuma da dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014. Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa aka kama shi a Yulin 2015, bai fito ba sai Disambar 2017, kuma shi yana da babbar tasha a bayansa. Kai ba ka da kowa sai wayarka.

Tambayar jirgin ƙasa ma za ta riƙa zuwa, kuma haka za ka raba ta. Layin dogo daga Yawunde ya iso Ngaundere a 1974, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 600, Camrail ke tafiyar da shi, jirgin fasinja na dare ne, akwai kujeru akwai ɗakunan kwana masu gado biyu da masu huɗu. Daga Garwa sai an fara yin kusan kilomita 280 a mota, a hau tsaunin nan mai kwane-kwane kafin a shiga Ngaundere. Wannan duk ka faɗa da ƙarfin gwiwa. Ranakun tashi da kuɗin tikiti kuwa, sai ka kira wani a tashar jirgin.

Tambayoyin son sani sun fi daɗin aiki, kuma su ne ake turawa juna. A ce ɗalibi ya tambaya me ya sa Garwa take tafasa a watan Afrilu alhali Ngaundere na shan iska. Amsar tana da ƙafa biyu. Garwa tana ƙasa cikin kwarin Binuwai, Ngaundere kuma tana bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000, kuma duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kamar digiri 6. Ta biyu, a tsakiyar Afrilu rana takan bi daidai tsakar kan Garwa, ga shi damina ba ta sauka ba balle gajimare ya tare ta. Kar ka tsaya a bayani, ba shi aiki: ya kafa sanda a tsaye cak a tsakar gida wajen tsakiyar Afrilu, ya duba da ƙarfe sha biyu da 'yan mintoci, zai ga inuwar ta kusan shigewa ƙarƙashin sandar. A ƙarshen Agusta ranar takan sake bi ta nan, amma lokacin ruwa ya sanyaya ƙasa. Yaron da ya gwada ya gani, shi zai kawo maka masu sauraro daga ajinsu.

Ko ɗan kasuwa ya tambaya me ya sa aka ƙi karɓar sefar da ya zo da ita daga Maraɗi. Darajarsu ɗaya, kowacce 655.957 ne a kan yuro ɗaya, amma bankuna biyu ne ke buga su: BEAC mai hedikwata a Yawunde na ƙasashe shida, da BCEAO mai hedikwata a Dakar na ƙasashe takwas, ciki har da Nijar. Takardar wannan ba kuɗin kashewa ba ce a ƙasar wancan, shi ya sa ɗan canji ke cire nasa. Ko a tambaye ka me ya sa tsofaffi ke ce wa Njamena Fort-Lamy. A Kusiri aka gwabza ranar 22 ga Afrilun 1900, inda aka kashe Rabeh, mayaƙin da ya ci Borno, shi ma kwamandan Faransa Lamy ya mutu, aka sa wa sansanin da ke tsallaken kogi sunansa, har zuwa 1973 da aka sauya.

Ga irin waɗannan, ka samu tushe biyu da ba su kwafi juna ba. Muna da jami'a a Ngaundere, da Marwa, da Garwa. Malamin tarihi ko na labarin ƙasa ba kasafai yake ƙin ba da minti biyar ba in ka je masa da ladabi da tambaya ɗaya tak. Tsofaffin direbobi da alhazan da iyayensu suka yi hajjin ƙasa ta Abeshe zuwa Sudan su ma taska ne, amma ka gabatar da maganarsu a matsayin abin da suka gani ko suka ji. In ka nema ba ka samu ba, karanta tambayar a shiri, ka ce wanda ya sani ya taimaka.

Na huɗu, tsara abin da za ka faɗa

Kar ka rubuta komai kalma bayan kalma, za a ji kana karatu. Rubuta kanun magana a takarda ɗaya, sai lambobi da shekaru da sunaye, waɗannan kam a rubuce daidai. Kowace tambaya ta bi wannan tafarki: muryar mai tambaya, amsa a taƙaice cikin jimla biyu, sannan bayani, sannan inda ka samo. Fara ba da amsar kafin dogon bayani, domin mai sauraro yana iya zama kan babur yana jiran fasinja. Kira mai tambaya yadda za ka kira shi in kun haɗu: Baba, Inna, Hajiya, Malam, ƙanena. Dattijo ya yi tambayar da kake ganin kowa ya san amsarta, amsa masa da girmamawa, ba da sigar malamin aji ba.

Na biyar, ɗauki murya

Ɗakin da ya fi dacewa shi ne mai katifa da labule da kaya a rataye. Falo mai tayil da bango tsirara yana mayar da murya, sai ka ji ta kamar daga cikin randa. Tafa hannu sau ɗaya ka saurara, in ƙarar ta dawo maka, sauya ɗaki ko ka rataya bargo a bangon da ke gabanka.

Lokaci kuma, bayan sallar Isha da ɗan jinkiri, ko bayan Asuba kafin injin markaɗe da babura su tashi. Duba lokacin kiran salla kar ya same ka tsakiyar magana. Fanka dole a kashe ta, kuma a zafin Maris da Afrilu ƙarƙashin rufin kwano wannan azaba ce, don haka ɗauki tambaya ɗaya, ka kunna fanka ka sha ruwa, ka kashe ka ɗauki ta gaba. Da hunturu leɓe yana bushewa yana ƙara a makirfo, ajiye ruwan ɗumi kusa. Cika wayar da caji tun da rana, ka tanadi fawa banki, domin wuta ba ta sallama in za ta tafi.

Sa wayar a yanayin jirgin sama kar kira ya katse ka. Kar ka riƙe ta a hannu, ɗora ta kan littattafai ko matashi, nisan kamar tafin hannu ɗaya daga bakinka, a ɗan karkace, don iskar “f” da “b” kar ta riƙa bugun makirfo. In kana da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, madalla, maƙala shi a ƙirji, ka tabbatar babbar riga ko mayafi ba ya gogar sa. In a waje za ka ɗauka, ka rufe shi da soso ko safa mai tsabta saboda iska. Kafin ka fara magana yi shiru na daƙiƙa 10 na'ura tana ɗauka, za ka buƙace shi wajen gyara. In harshenka ya sarƙe, kar ka tsayar, tafa hannu sau ɗaya ka maimaita jimlar daga farko. Tafin zai fito a allo kamar dogon tsini, nan take ka gane inda za ka yanke.

Na shida, gyara

In kana da kwamfuta, Audacity kyauta ce. A waya akwai irin su Lexis Audio Editor da WavePad. Yanke kurakurai, saka muryoyin masu tambaya a gurabensu, yi amfani da shirun daƙiƙa goman nan ka nuna wa manhajar ƙarar da za ta rage, amma kar ka matsa da yawa, murya za ta koma ta ƙarfe. Daidaita ƙarfin muryoyi, domin saƙon WhatsApp wani a hankali yake zuwa, wani da tsawa. Kar ka sa waƙar wani ba izininsa. Nemi mai kalangu ko mai garaya ya buga maka daƙiƙa 15, ka biya shi, ka sanar da shi abin da za ka yi da ita. In ka gama, saurari shirin a lasifikar ƙaramar waya mai araha, don a ita akasarin mutane za su ji shi.

Na bakwai, kai shi inda masu sauraro suke

Fitar da shi a MP3, layin sauti ɗaya, a kan 64 kbps, wato ma'aunin ingancin sautin. Da haka minti ɗaya bai kai rabin megabait ba sosai, shirin minti 20 ya tsaya kusan megabait 10. In ka ɗaga zuwa 128, nauyin ya ninka, kuma ga magana zalla kunne ba zai ji wani bambancin kirki ba, datar mai sauraro ce kawai za ta ji. Sa wa fayil suna mai ma'ana, da lambar shiri da kwanan wata.

Ɗora shi a Spotify for Creators, kyauta ne, zai zama rumbunka kuma na nesa su same ka. Amma kar ka yaudari kanka, mutanenmu a WhatsApp suke. Buɗe rukunin da kai kaɗai ke iya tura saƙo. Yana ɗaukar mutum 1,024, aibinsa shi ne ana ganin lambobin juna, abin da mata da yawa ba sa so. Tashar Telegram tana ɓoye lambobi, sai ka haɗa biyun. Yanki minti ɗaya mafi daɗi ka sa a Facebook. Sannan ka je wurin masu tura waƙoƙi a katin waya a kasuwa, ka ba su shirye-shiryenka kyauta su riƙa haɗa wa mutane. Ta nan zai kai ƙauyukan da intanet ba ta isa sosai. Kafin ka sanar da shirin, ka tara guda uku a ajiye, saboda makon da zazzaɓi ko biki zai hana ka aiki.

In an tambaye ka game da aikin kansa

Matasa za su tambaya da wace na'ura kake aiki, kuma nawa kake samu. Faɗa musu gaskiya, har da abin da kake kashewa a data da kuɗin kilando. Kuɗin tallar da manyan manhajoji ke biya ba abin dogaro ba ne ga shirin Hausa daga nan. Abin da ya fi kusa shi ne mai shago ko makaranta su ɗauki nauyin shiri, ko masu sauraro su taimaka ta Orange Money da MoMo. In wani ajans ya ce zai ɗauki nauyi, karɓa, amma ka sanar a shiri cewa talla ce, kuma ranar da aka tambaye ka kuɗin mota ka faɗi nasa da na abokan gasarsa. In ya ce bai yarda ba, bar kuɗin.

Gyaran kuskure da sabunta amsa

Za a kama ka da kuskure, kuma mai kama ka yawanci direba ne ko malamin makaranta. Gyara a farkon shiri na gaba, kar ka tura shi can ƙarshe: faɗi abin da ka ce, faɗi daidai, gode wa wanda ya gyara. In kuskuren na takardun tafiya ne ko na tsaro, kar ka jira mako ya zagayo, tura gajeren saƙon murya a rukuni ranar nan, ka sauke tsohon shirin daga rumbu ka ɗora gyararre.

Sannan ka koma littafinka sau biyu a shekara, farkon damina wajen Yuni da bayan ɗaukewarta a Nuwamba. Ja layi ƙarƙashin duk amsar da ta ƙunshi kuɗin mota, halin hanya ko lokacin tashi, ka sake zagaya ajans-ajans, ka haɗa shiri ɗaya na musamman da sababbin bayanan. A farkonsa ka lissafa lambobin tsofaffin shirye-shiryen da ya maye gurbinsu, ka roƙi masu tura waƙoƙi a kasuwa su goge waɗancan daga kwamfutocinsu.